Makarin Alhaji

Rumfar mai shayi a Aboabo, Kumasi, bayan Isha'i. Ticha ya baza takardun wasan bokaye da suke ƙirƙira, da ɗan lido mai fuska 20, da murafen kwalba, kowane murfi tsafi ɗaya.

TICHA: Saura doka ɗaya wasanmu ya kammala, dokar makari. In bokan abokan gaba ya fara tsafi, ta yaya naka zai karya shi?

ALHAJI: In ce "na karya", ya karye. Rubuta.

TICHA: A bakin me?

ALHAJI: A bakin teburin nan da na saya.

TICHA: Ranka ya daɗe, ko a Dungeons & Dragons na 2014, wasan tebur na bokaye da mayaƙa, ba kyauta ba ne. Makari kansa tsafi ne na mataki na 3. Sai kana ganin mai tsafin, tsakaninku bai wuce ƙafa 60 ba. Ka ƙona murfi ɗaya, ka kashe martaninka, wanda ɗaya ne tak a zagaye. Tsafin mataki na 3 zuwa ƙasa ya mutu nan take. In ya haura, ka jefa lido, ka ɗora ƙarin basirarka, ka cimma 10 haɗe da matakin tsafin.

JAURO: Mataki na 7, ana neman 17. Bokan Alhaji yana da ƙarin 4, sai ya jefa 13 zuwa sama. Fuska 8 cikin 20. Kashi 40 cikin 100 ke nan.

(Mutumin da ke ƙirga shanu daga ƙurarsu, lido ba ya ba shi wahala.)

ALHAJI: Arba'in? Ni? Ko a kasuwar Kejetia ba a yi mini irin wannan tayin.

TICHA: To ka ƙona murfin mataki na 7, ka huta da lido.

ALHAJI: Guda ɗaya gare ni. Na ajiya ne.

MALAM: Tun watan azumi yake ajiyarsa. Ticha, in na karya makarin Alhaji fa?

TICHA: Allah gafarta Malam, nan ɓarnar take. Mai tsafin bai taɓa martaninsa ba, sai ya karya makarin, wani ya karya nasa. Bokaye huɗu su ƙona murfi huɗu, mai takobi yana zaune, shayinsa ya huce.

ALHAJI: A gwada tawa dai.

Aka gwada. Alhaji ya tara lido 8 masu fuska 6 na tsafin dunƙulen wuta, ya gyara hannun riga, ya yi ta kaɗa su kamar mai kiran kaji.

MALAM: Na karya.

ALHAJI: Ban ko jefa ba!

MALAM: Na karya.

ALHAJI: To walƙiya...

MALAM: Na karya. Mai shayi, ƙaro madara.

ALHAJI: Wannan zalunci ne! Wa ya kawo wannan doka?

JAURO: Mai teburi.

TICHA: Dokar Dungeons & Dragons ɗin ma an sauya ta a 2024. Yanzu wanda aka yi wa makari shi ke jefa lido na juriyar jiki. In ya gaza, yunƙurin da ya yi na tsafin ya tafi a banza, amma murfinsa yana nan.

ALHAJI: Madalla. In ni aka karya, a bi ta 2024. In ni na karya, a bi tawa.

TICHA: Ga tamu. Mai tsafi ya kife murfinsa, ya ce "na fara", kada ya faɗi sunan tsafin. Mai makari ya yanke shawara a makance, ya biya murfi. Kowa ya jefa lido, ya ɗora matakin murfinsa. Ka fi shi, tsafin ya mutu, murfinsa ya koma masa. Ka fi shi da 10, ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Ya fi ka da 1 ko 2, rabin ɓarnar ce ta same ku. Makari ɗaya ga tsafi ɗaya, babu makarin makari.

JAURO: Wanda ya yi tsafinsa ba magana ba ɗaga hannu fa?

TICHA: Ba a gan shi ba, ba a karya shi. Amma ya ƙara murfi.

MALAM: Ga mafita, Alhaji. Yi naka shiru.

ALHAJI: Shiru? Bokana da rawani da maroƙa biyu? Sai an yi masa kirari, an buga kalangu, Asawase ta ji, sannan ya ɗaga sanda.

MALAM: Na karya.

Alhaji ya fizgi lido mai fuska 20, ya yi bismilla, ya wurga. Ɗif, aka ɗauke wuta, abin da mutanen Ghana ke kira dumsor.

MALAM: Dumsor. Ticha, wannan makarin mataki na nawa ne?

JAURO: Ba lido, ba ƙafa 60, kuma kuɗin mita ba ya komawa ga mai shi.

ALHAJI: Ashirin na jefa! Ashirin cif!

TICHA: Wa ya gani?

ALHAJI: Na ji ƙarar faɗuwarsa. Ƙarar ashirin ce.

Mai shayi ya haska tocila. Ga lido a kofin Malam, ya nutse cikin madara.

ALHAJI: Kada kowa ya taɓa. Malam, shanye a hankali mu gani.