Dala 2.13 a awa, sauran kuma a jira tukuici

Abin da ke ci wa mutum rai a gidajen abincin Amurka shi ne yadda mai gida yake sauke nauyin albashi a kan mai cin abinci. Dokar tarayya ta yarda a biya mai kai abinci tebur dala 2.13 a awa, kuma tun 1991 wannan adadi bai motsa ba. Mafi ƙarancin albashi kuwa dala 7.25 ne. Ragowar 5.12 daga tukuici ake sa ran ta fito.

Wai idan tukuicin bai kai ba mai gida zai cike. To amma a mako ake yin lissafin, ba a rana ba. Yarinya ta wuni ranar Litinin tana naɗe cokula cikin tsumma, tana cika kwalaben gishiri, babu ciniki. Sai a ce ai kuɗin Asabar ya rufe.

Ga kuma rabo. A wurare da yawa tana ba mai kwashe kwanuka da mai haɗa abin sha kaso bisa cinikin da ta yi, ko an ba ta tukuici ko ba a ba ta ba. Teburin dala 100 ya tashi bai bar komai ba, daga aljihunta za ta biya su. Haraji ya cinye ɗan albashin, takardar biya ta fito kusan sifili.

Jihohin Kalifoniya, Oregon da Minnesota sun hana wannan ragin, suna biyan cikakken albashi, tukuici ya hau kai, kuma gidajen abincinsu na nan suna ciniki.