Shugabancin aikin gini ba ya dogara ga ƙarfin damtse

Yana damuna yadda a Maradi ake yawan cewa mace ba za ta iya riƙe kamfanin gini ba, wai domin gini aikin ƙarfi ne. Masu wannan ra'ayi suna da abin da suka dogara da shi, tunda abin da ido yake gani a wurin gini shi ne leburori suna ɗaukar buhun siminti mai kilo 50 a cikin rana, kuma yawancinsu maza ne.

Amma ɗaukar kaya wani sashe ne kawai na aikin. Wanda ya karɓi kwangila, namiji ne ko mace, aikinsa shi ne karanta zanen gini, lissafa siminti da yashi da tsakuwa da rodi, biyan ma'aikata a kan lokaci, da tsayawa a kan inganci. Misali, idan an zuba kankaren rufin bene, sai an riƙa shayar da shi ruwa, kuma yakan kai kwana 28 kafin ya yi cikakken ƙarfinsa. Injiniyar da ta hana magini cire katakon da ke tallafe da kankaren da wuri, ko da mai gida yana gaggawa, ta ceci ginin da iliminta, kuma wannan ilimi ana koyar da shi ga ɗalibai maza da mata a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke Maradi.

Ko a gargajiyance ma hannun mata yana cikin gini, domin su ne suke daɓen ɗaki da makuba tun zamanin kakanninmu.