Gwaggo da Ke Bayan Murhun Falonmu

Duk wanda ya tashi a Kano ya san cewa ƙarfe ba ya mutuwa, sai dai ya suma. Na girma ina ganin Fijo 504 da ta girmi direbanta tana jigilar fasinja zuwa Ɗambatta, kuma duk abin da ya lalace a jikinta da safe, a Ƙofar Ruwa ake samo madadinsa kafin la'asar. Da wannan aƙida na sauka Ingila, kuma da ita na sayi wani tsohon gidan dutse a Bradford a shekarar 2011, ban san cewa na sayi gidan ne tare da wata dattijuwa da ke zaune a cikin bango ba.

Dattijuwar ita ce boila, wato tukunyar da ke ƙona gas ta dafa ruwa, ruwan ya zagaya cikin lagireton da ke manne da bangon kowane ɗaki, gida ya ɗumama. Tamu irin ta dā ce, wadda ake binnewa a bayan murhun falo, tankinta na ruwan sanyi yana can cikin rufi, tulun ruwan zafinta kuma yana cikin wani kabad a saman bene. Uwargida ce ta raɗa mata suna Gwaggo, saboda ba ta fara aiki sai ta yi gyaran murya, ta yi tari, sannan ta shiga ƙunƙuni kamar wadda aka tashe ta daga barcin rana. Akwai wata 'yar wuta shuɗiya a cikinta da ke ci dare da rana, kuma duk lokacin da ta mutu sai na durƙusa a gaban murhu, na danne maɓalli na kusan rabin minti, kaina a ƙasa kamar mai gaida surukai. Shekara shida ina wannan gaisuwa ban taɓa ƙorafi ba, domin ina da yaƙinin cewa da tsohuwar zuma ake magani.

A watan Nuwamba na 2017 Gwaggo ta ƙi amsa gaisuwa. A ƙasar nan doka ta hana wanda ba ƙwararre ba taɓa kayan gas, mai gyara kuma sai yana da rajistar Gas Safe, wato rajistar masu aikin gas da hukuma ta amince da su, don haka na haɗiye ƙwarewar da nake ganin ina da ita na kira mai gyara. Kafin ma ya duba tukunyar, idonsa ya faɗa kan wata 'yar taga mai raga da ke ƙasan bangon falo, wadda na cusa wa tsohon zani tun hunturun farko saboda iskar da take shigowa da ita. Ya zaro zanin da yatsu biyu, ya dube ni tsawon lokaci, sannan ya yi mini bayani cikin sanyin murya cewa irin wannan tukunya daga iskar ɗaki take numfashi, idan kuwa aka toshe mata hanci tana iya fitar da gubar da ba ta da wari ko launi, wadda take kwantar da mutanen gida barcin da ba a tashi. Na ce masa yara ne suka cusa. Zanin atamfa ne mai ɗauke da hoton wani ɗan takara na zaɓen 2007.

Bayan ya kwance gaban murhun, hukuncinsa bai yi tsawo ba. Bawul ɗin da ke sakin gas ya mutu, kuma an daina ƙera irinsa tun da daɗewa. Ya ƙara da cewa tun watan Afrilun 2005 doka ta wajabta cewa sabuwar tukunyar gas da za a kafa ta zama irin ta zamani mai tattalin zafi, wadda take amfani da kashi 90 cikin 100 na gas ɗin da ta ci ko fiye, alhali Gwaggo tana aika kusan sulusin abin da nake biya ta bututun hayaƙi domin ɗumama tantabarun unguwa. Kuɗin cire ta da kafa sabuwa a kicin, in ji shi, fam 3,200 ne. Kamar kowane Bahaushe da ke zaune a waje, nan take na juya kuɗin zuwa naira, na ga sun kai kusan miliyan ɗaya da rabi, wato kuɗin kujerar Makka a shekarar. Na yi masa godiya, na raka shi ƙofa, na faɗa wa uwargida cewa Bature bai san gyara ba, sauyawa kawai ya sani.

A daren na kira ɗan yayata da ke da shago a Ƙofar Ruwa. Ban gama kwatanta masa abin ba ya katse ni da cewa, "Akwai, Kawu." Na tambaye shi ko ya taɓa ganin boila a rayuwarsa, ya ce bai taɓa ba, amma akwai. Hujjarsa, wadda na kasa rushewa, ita ce duk kayan Beljiyam daga wajenmu ake loda su, saboda haka idan abu ya ɓace a Turai, to yana Kano. Na tura masa kuɗin cigiya. Washegari ya aiko mini da hoton kafiretan janareta, bayan kwana biyu kuma ya aiko da na kan tukunyar gas ta girki, kowanne da saƙon cewa ɗan gyara kaɗan za a yi masa ya shiga.

Da na ga Kano za ta ɗauki lokaci, sai na koma intanet. Bawul na farko da na saya fam 85 ya iso da kamanni sak, amma lambarsa ta bambanta da harafi ɗaya, kuma mai gyara ya ce a harkar gas harafi ɗaya ya isa ya raba gida da rufinsa. Daga nan ne dabara ta zo mini, irin wadda take zuwa wa mutum da ƙarfe biyu na dare. Na ga wani mutum a Halifax, wani gari kusa da Bradford, yana sayar da tukunya sukutum irin tamu a kan fam 40, na lissafa cewa idan na saye ta na mallaki rumbun kayan gyara na shekara goma. Abin da ban lissafa ba shi ne cewa cikinta zubin baƙin ƙarfe ne. Ni da mai ita muka cicciɓa ta zuwa bayan motata, ƙuguna ya yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, motar kuma ta taho gida hancinta a sama kamar jirgi mai shirin tashi. Mai gyara ya zo ya duba ta a tsakar gida, bai fi minti biyar ba ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, ya ce, "Ka tambayi mutumin dalilin da ya sa ya cire ta?" Bawul ɗinta ma ya mutu.

Duk wannan ya ci mako shida, kuma a tsawon lokacin hita biyu na lantarki suna zuƙe mita kamar rijiyar da aka saka wa injin ban ruwa. Mun koma wanka da bokiti da ruwan da aka dafa a tukunyar tuwo, abin da ni bai dame ni ba, amma yaran da aka haifa a nan suka ɗauke shi abin al'ajabi, har ƙaramar ta zana shi a makaranta, malamarta ta tare ni a ƙofa tana tambaya ko muna bukatar taimako. A daren ne uwargida, tana sanye da rigar sanyi uku da safar hannu, ta ajiye mini takarda a gaba. Ta haɗa kuɗin bawul, da na gawar da ke tsakar gida, da na zuwan mai gyara sau uku, da na lantarki, da na man zafin ƙugu, da na cigiyar Kano, ta ja layi a ƙasa. Ta ce, "Malam, Gwaggo ta riga mu gidan gaskiya, kai kaɗai ne ba ka karɓi gaisuwa ba."

A watan Janairu aka kafa sabuwar, wani farin akwati da bai kai ƙaramin firji ba, ba tari, ba ƙunƙuni, ba durƙuso. Na fara yi wa abokai wa'azi a kan fa'idar zamani kamar ba ni ne na ɗauko gawa daga Halifax ba. A ƙarshen Fabrairun 2018 sai ga sanyin nan da ya taso daga Sibiriya, wanda jaridun ƙasar suka laƙaba wa suna Dodon Gabas. Da asuba na ji akwatin yana kurkure baki, sannan ya nuna wasu haruffa a fuskarsa ya yi shiru. Mai gyara ya ce mini ta waya ba zai iya zuwa ba, domin rabin garin ne ke kiransa a kan matsala ɗaya. Tattalin zafin da ake yabon irin wannan tukunya da shi yana sa tururin hayaƙinta ya koma ruwa, ruwan yana fita ta wani siririn bututun roba zuwa kwata a waje, to ruwan ne ya daskare ya toshe bututun. Maganin kuwa shi ne a zuba masa ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba.

Haka na fita cikin dusar ƙanƙara da jallabiya da kwat a kanta, riƙe da butar alwala, ina yi wa na'urar fam 3,200 tsarki, gawar Halifax tana kallona daga gefen katanga. A buta ta huɗu na ji tukunyar ta kama. Maƙwabcina Bature, wanda yake fama da nasa bututun da kofin shayi, ya leƙo ya yaba da ƙirar bakin butar, ya tambayi inda ake sayar da ita, na ba shi aro, daga nan ta zaga gida uku kafin ta dawo. Ina shiga ɗaki ina hura hannu wayata ta yi ƙara. Ɗan yayata ne ya turo hoton wani ƙarfe mai sheƙi da maƙeri ya ƙera, da saƙo a ƙasa: "Kawu, an samu. Saura cikon dubu goma sha biyu da kuɗin aike."