Kafin ka yabi ɗan wasan besbol da riƙon amana, duba zamanin da ya yi wasa

Duk lokacin da aka tashi lissafa 'yan wasan besbol na Amurka da suka fara kuma suka gama a ƙungiya ɗaya, sai ka ga an jera Stan Musial da Tony Gwynn a sahu guda, wai duk masu amana ne. Ni dai ban yarda da wannan lissafin ba.

Musial ya yi wa St. Louis Cardinals wasa daga 1941 zuwa 1963, kuma babu mai ja da gwanintarsa. Sai dai a zamaninsa kowane kwantiragi na ɗauke da sharaɗin da ya ba ƙungiya ikon riƙe ɗan wasa shekara bayan shekara. Ko ka sa hannu a kan abin da aka yanka maka, ko ka koma gida. Wanda aka ɗaure a turke ai ba a yabonsa da rashin yawo.

Curt Flood, wani ɗan wasan Cardinals, shi ne ya ja daga. A Oktoban 1969 Cardinals suka yi musayarsa zuwa Philadelphia Phillies, ya ce ba inda za shi, ya kai ƙara. Kotun Ƙolin Amurka ta ba shi rashin gaskiya a 1972. Sai a Disamban 1975 mai sasanci Peter Seitz ya warware ƙullin, a shari'ar Andy Messersmith da Dave McNally.

To yanzu ma ba sakaka abin yake ba. Ɗan wasa ba ya samun 'yancin zaɓar ƙungiya sai ya cika shekara 6 a babbar gasar, kuma kwana 172 ne ake ƙirgawa shekara ɗaya. A shekaru ukun farko, galibi ƙungiya ce ke yanke albashi. Bayan nan, in an kasa daidaitawa, kowane ɓangare ya kawo adadinsa, masu sasanci su ɗauki ɗaya, babu raba tsakiya. Nan ne ake wayo: a 2015 Chicago Cubs suka bar Kris Bryant a ƙaramar gasa har tsakiyar Afrilu, ya ƙare kakar da kwana 171. Kwana ɗaya tak ya ja masa ƙarin shekara guda a hannunsu. Ya yi ƙorafi, bai ci ba. 'Yancin ɗan wasa na ƙin yarda a yi musayarsa kuwa, in ba a rubuta a kwantiragi ba, sai wanda ya yi shekara 10 a gasar, biyar na ƙarshe a ƙungiya ɗaya.

Saboda haka ni daga shekara ta bakwai nake fara awo. Gwynn ya yi kaka 20 a San Diego Padres, 1982 zuwa 2001, ya zama zakaran bugu na gasarsu, wato wanda ya fi kowa dacen bugun ƙwallo a kakar, sau 8. Sau biyu Padres suka kai World Series, wato wasannin ƙarshe na cin kofi, 1984 da 1998, duka suka sha kashi. Ƙofa a buɗe take, masu kuɗi suna nan, ya zauna. Derek Jeter ma ya yi kaka 20 a New York Yankees, amma zama inda ake cin kofi 5 ana biyanka da kyau ba wani jarrabawa ba ne.

Kuma zaman yana da tsada ga kowa. Joe Mauer ɗan St. Paul ne, ya sa hannu da Minnesota Twins a 2010 kan dala miliyan 184 na shekara 8. A 2013 ya samu buguwa a kai, dole ya bar gurbinsa na mai cafe ƙwallo, wato mai tsugunno bayan mai bugu, ya koma wani gurbin, tsaron tushen farko. Alƙaluman da suke abin mamaki ga mai cafe ƙwallo sai suka zama gama-gari a sabon gurbin, magoya baya suka dawo ƙorafin albashinsa. Duk wanda ya auna shi da shekarunsa biyar na ƙarshe ya zalunce shi: sau 3 ya zama zakaran bugu yana mai cafe ƙwallo, abin da babu wanda ya taɓa yi a wannan gurbin.