Tabon da ba ya ciwo, amma yana da ranar ƙarewar haƙƙi

Yawancin waɗanda ke da tabon asbestos (wani ma'adini mai zare-zare da aka yi amfani da shi a gine-gine da masana'antu don kare zafi da wuta) a tantanin huhu ba su san suna da shi ba. Mutum zai je asibiti saboda tari ko ciwon ƙirji na daban, a ɗauki hoto, sai likita ya nuna masa wasu fararen faci-faci masu kauri a jikin haƙarƙari ko a kan tsokar da ta raba ƙirji da ciki, galibi a ɓangarorin biyu. Da ka bincika, sai ka tarar tsohon mai naɗe bututun tururi ne, ko kafinta, ko mai aikin lantarki, ko wanda ya yi aiki a wajen ƙera jiragen ruwa. Wani lokaci ma matarsa ce, wadda ta yi shekaru tana kakkaɓe ƙurar tufafin aikinsa kafin ta wanke.

Zaren asbestos siriri ne sosai, ido ba ya ganinsa, jiki kuma ba ya iya narkar da shi. Idan an shaƙe shi, yakan ratsa har ya kai tantanin da ke shimfiɗe a cikin ƙirji, jiki ya yi ta gina nama mai tauri a wurin. Ana ɗaukar shekara 20 zuwa 30 kafin tabon ya fito a hoto. Shi ya sa har yau ake samun sababbin masu shi a Birtaniya, duk da an haramta shuɗi da ruwan ƙasa na asbestos a 1985, fari kuma a 1999.

Ya kamata a raba abu biyu da ake yawan haɗawa. Faci-facin nan ba sankara ba ne, ba sa rikiɗa su zama sankara, kuma da wuya su hana numfashi. Shaida ce kawai cewa ƙurar ta shiga jiki, ita ƙurar kuwa tana iya kawo mesotiliyoma (sankarar tantanin da ke kewaye da huhu) ko sankarar huhu daga baya. Amma akwai kaurin tantani mai yaɗuwa, wanda ke manne huhu da bangon ƙirji ya hana shi buɗewa, mutum ya riƙa haki in ya hau bene. Wannan naƙasa ce, ana tabbatar da ita da hoton CT da gwajin ƙarfin numfashi, kuma ana biyan diyyarta a duk faɗin Birtaniya.

Rigimar diyya tana kan na farkon, wato faci-facin da ba sa ciwo. A watan Oktoba na 2007 kotu mafi girma a Birtaniya ta yanke cewa tabon da ba ya ciwo ba rauni ba ne da za a biya diyya a kansa, fargabar abin da ka iya zuwa ma ba ta isa ba. Majalisar Sikotilan ta ƙi yarda, ta yi doka a 2009 ta maido da haƙƙin. Kamfanonin inshora suka kai ƙara, suka sha kaye a Kotun Ƙoli a 2011, a shekarar kuma Ailan ta Arewa ta yi irin dokar. A Ingila da Wels, gwamnati ta ba waɗanda suka riga suka fara neman diyya kafin hukuncin fam 5,000 kowanne, ta rufe ƙofar. Ina ganin Sikotilan ce ta yi daidai. Sakacin mai kamfani ya canza jikin ma'aikaci har abada, ya bar shi yana kasa kunne ga kowane tari. Cewa babu abin da ya same shi rainin hankali ne. Kuma ba adalci ba ne mutum biyu su shaƙi ƙura ɗaya, a biya na Gilasgo a Sikotilan a hana na Libaful a Ingila.

To, inda aka fi yin asara shi ne wajen lokaci. Ana ba da shekara 3 don shigar da ƙara, daga ranar da mutum ya san ciwon da dalilinsa. A Sikotilan, wanda aka gaya wa yana da tabon ya yi shiru har wa'adin ya wuce, yana iya rasa damar ƙara ko da mesotiliyoma ta bayyana daga baya. Saboda haka a rubuta ranar da likita ya faɗa, a karɓi kwafin rahoton hoton, a jera wuraren da aka yi aiki da shekarunsu, a nemi tarihin aiki daga hukumar haraji, a adana sunayen abokan aikin da za su iya ba da shaida. Rushewar kamfani ba ta kashe magana, domin wanda ya yi masa inshora a shekarun nan ake bi.

Idan an zo sasantawa, a kula da abin da ake sa wa hannu. Biya na gaba ɗaya ya fi tsoka a ranar, amma yana rufe fayil ɗin har abada. Diyyar wucin gadi kuɗinta kaɗan ne, sai dai tana barin damar komawa kotu in ciwo mai tsanani ya zo. Mai shan taba kuma ya daina tun yau, don taba da asbestos in sun haɗu suna ninka haɗarin sankarar huhu.