Kaskon da ya watsa majalisa

Kun san Goggo da ginin tukwane, kun kuma san bakina. Na ce mata yumɓunta wasan yara ne, mu alumina muka karanta, farin nan na jikin fulogin babur, wanda ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 2000. Ta ce, "To ɗan nan, ga yumɓu, gina mana kaskon turare."

Da hantsi na gina, na shanya a tsakar rana, la'asar na ga bayansa ya yi fari. A ƙofar gida na haɗa wuta da kara da busasshen kashin shanu, don 'yan majalisa su shaida. Ina tsaka da bayanin yadda yashin cikin yumɓu ke kumbura a digiri 573, hannu ɗaya a aljihu, sai tau! Ɓari ɗaya ya daki kwanon rufi, ɗaya ya faɗa kofin mai shayi. Ladan ya bar takalmi ƙafa guda. Ni mai bayanin kuwa a ƙarƙashin benci aka gano ni, hula a kwata, ina salati da muryar da ko ni ban san ina da ita ba.

Goggo ta leƙo, ko dariya ba ta yi ba, wannan ya fi ƙona min rai. "Ka daka tsingaro ka cuɗa?" Ita kashi ɗaya take zubawa a kashi uku na yumɓu, don jikin ya samu ƙofofin da ruwa zai bi ya fita. A inuwa take shanyawa wajen mako guda, sannan ta kifa a kan garwashi ya gasu a hankali kafin babbar wuta. Nawa gindinsa ya kai kaurin yatsa uku, cikinsa ɗanye sharaf. Ruwan ya zama tururi tun a digiri 100, ya rasa hanya. Wato ko kusa da 573 ɗin ba mu je ba.

Amma mai shayi ne damuwata. Kofin nan tangaran ne, ya sha wutar da ta wuce digiri 1200 a masana'anta, ko kwarzane bai yi ba, na duba da idona. Duk da haka wai ya tsage "ta ciki". Mutumin da tun azumi yake riƙe min canji! Yanzu ko burodi na je saye sai ya ce, "Injiniya, a matsa da kofuna?"

Shayin ma da ya zube wai ni zan biya.