Mai Koyon Rashanci da Kunne, Ka Duba Bakin da Kake Kwaikwayo

Ƙannena masu shirin tafiya karatu Rasha, da ku da ke zaune gida kuna koyon Rashanci ta waya, assalamu alaikum.

Makon jiya wani yaro ya kira ni don in ji irin ci gaban da ya samu. Wata huɗu ke nan kullum abin ji na maƙale a kunnensa, yana sauraron darasi. Na yi masa ɗan bayani da Rashanci, na tambaye shi ko ya gane. Ya amsa da ƙarfinsa: "Ya ponyala." Sai da na danne dariya kafin na ce masa, "Mai gabatar da shirin da kake saurara mace ce, ko?" Ya yi mamakin yadda na sani. Ai ba duba na yi ba. A Hausa, mace da namiji duk "na gane" suke cewa, amma a Rashanci aikatau na abin da ya wuce yana nuna jinsin mai magana: namiji ya ce "ya ponyal", mace ta ce "ya ponyala". Wata huɗu yaron nan yana magana da bakin mata, babu wanda ya gaya masa.

Wanda kake saurara kullum, bakinsa za ka gada, da kyansa da muninsa. A Rashanci kuwa abin ya fi tsanani, domin rubutunsu ba ya nuna gaɓar da ake dannawa a kalma sai a ƙamus da littattafan 'yan koyo. Mu Hausawa bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Rubuta "gari" ka miƙa wa Bature, ba zai san ko garin Kano kake nufi ko garin tuwo ba, sai ya ji daga bakinka. To su ma haka: "muka" in ka danna ƙarshenta garin fulawa ce, in ka danna farkonta azaba ce. "Zamok" kwaɗo ne na rufe ƙofa ko kuma fadar sarakunan da, ya danganta da inda nauyin ya faɗa. Sannan wasalin da ba a danna ba yakan canja kama, shi ya sa ake rubuta "moloko", wato madara, a furta "malako", a rubuta "Moskva" a ce "Maskva". Duk wannan kunne ne ke ɗauka, kunne kuma abin da aka zuba masa yake riƙewa.

A cikin masu gabatar da shirye-shiryen koyon nan, wanda ya fi cin lokacinku shi ne mai barkwanci. Ya iya hira, ya iya ba da labarin yadda ya ɓata a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Mosko, kana saurara kana nishaɗi, amma da Turanci yake zubo ta duka. Don Allah wata rana ka riƙe agogo, ka ƙirga mintin da aka yi ana Rashanci a cikin shirin. In labarin ya fi darasin yawa, Turancinka ne ke ƙaruwa, ka kuwa ƙone data a kan abin da ba shi ka fito nema ba.

Akwai kuma mai ja da kalma kamar yana karanta wasiyya. Kada a fahimce ni ba daidai ba, ɗan koyo yana bukatar a bi shi a hankali a watannin farko, yaro ma da rarrafe yake farawa. Illar ita ce ka zauna a wurinsa shekara guda. Shi zai ce maka "zdravstvuyte", wato gaisuwarsu ta girmamawa, harafi bayan harafi, mutumin titi kuwa "zdraste" zai jefo maka ya wuce. "Seychas", wato yanzu, ta koma "shas" a bakin mai sauri, "pozhaluysta", wato don Allah, ta koma "pazhalsta". Ni kaina na sha wannan kunyar. Satina na farko a can na shiga kanti, matar da ke karɓar kuɗi ta ce "Paket nuzhen?", wato kana bukatar leda? Kalmomin biyu duk na san su a takarda, amma na tsaya ina kallonta kamar an dasa ni, layi ya taru a bayana, har wata tsohuwa ta ɗaga leda ta nuna mini. Malamin da na saba da shi bai taɓa yin magana da saurin mutane ba, kunnena kuma bai san akwai wani Rashancin bayan nasa ba.

Ku kula da wanda shi ma koyo ya yi. Yana iya fin ɗan ƙasa iya bayanin nahawu, tunda ya san inda takalmin ke matsa baƙo, amma furuci a nema wurin masu harshen. Suna da baƙaƙe masu tauri da masu laushi, bambancin kuma ba na wasa ba ne: "brat" ɗan'uwa ne, in ka lausasa ƙarshen ta koma ɗauka. Kalmar uwa ma, in ka taurara harafinta na ƙarshe, sunan ashar ka ambata.

Abin da ya fi damuna dai shi ne ladabi. Shirye-shirye da yawa matasa ne ke gabatar da su, suna hira irin ta abokai, "privet" (sannu irin ta abokai), "davay" (mu je), "koroche" (a taƙaice), kowa "ty" ne a wurinsu, wato "kai" ko "ke". Ka kwashi wannan ka shiga ofishin shugaban sashe da shi, ka ga yadda fuska za ta canja. Babba da baƙo "vy" ake ce musu, kamar yadda yaro mai tarbiyya a wurinmu yake ce wa dattijo "ku". Malami kuma ana kiransa da sunansa haɗe da na mahaifinsa, misali Ivan Petrovich. Mai gabatarwar da bai taɓa nuna maka wannan bambanci ba ya tura ka kasuwa da rigar barci.

Sai karin murya. Mu muna da "shin" da "ko" da ke taimaka mana wajen tambaya. Su sau da yawa kalmomin ba sa canjawa, murya ce kawai ke tashi a kan kalmar da ake tambaya a kai. Wata masaniyarsu, Elena Bryzgunova, ta kasa karin muryar Rashanci gida 7, kuma har yau da tsarinta ake koyar da baƙi. Mai karanta darasi da murya shimfiɗaɗɗiya kamar tabarma ba zai ba ka ko ɗaya daga ciki ba.

Nemi shirin da ke da murya biyu, mace da namiji, 'yan asalin harshen, masu yi wa juna magana irin ta mutane, sannan su dawo su warware ta a hankali. Nemi wanda ke yin shiru ya bar maka fili ka maimaita, kuma ka maimaita da ƙarfi. Duk wanda ya zauna gaban allo ya san karatu ba ya zama da sauraro kaɗai: malam ya biya, kai ma ka biya, ya gyara maka. In shirin na da rubutaccen abin da aka faɗa, bi shi da ido. Haruffansu 33 ne kacal, ba su kai abin gudu ba, kuma dogaro da rubutun boko irin wanda na yi muku a nan lalura ce. Kada ka ce ai akwai shekarar share fage da suke kira "podfak". Shekara ɗaya ce, tana ƙarewa za ka tsinci kanka a aji ɗaya da 'yan ƙasa, malamin ilmin jikin ɗan Adam ko na lissafi kuwa ba zai rage gudu saboda kai ba.

Yaron nan na sa shi ya canja shiri. Jiya ya turo saƙon murya, "ya ponyal" ta zauna daram. Sai dai da "privet" ya buɗe gaisuwar, ni da na girmi babban yayansa, don haka na ce ya sake turowa.